Hutun Chuseok a Koriya ta Kudu: ina matafiyi zai nufa idan kwanakin kaɗan ne?

Sau ɗaya a shekara, a tsakiyar kaka, birnin Seoul yakan yi shiru irin wanda ba a saba gani ba. Shaguna a rufe, tituna fayau, yayin da manyan hanyoyin da suka nufi kudu suke cike maƙil da motoci. Lokacin Chuseok ke nan, bikin girbi na Koriya, wanda ake kuma kira Hangawi. Shi da Seollal, wato sabuwar shekarar gargajiya, su ne manyan bukukuwa biyu na ƙasar. Ga ɗan ƙasa mai iyaye a ƙauye, babu wata tambaya game da inda zai je. Tambayar tana kan wanda ba shi da garin komawa, ko wanda ya gama da gaisuwar iyaye da wuri, ko baƙon da hutun ya riska a can: ɗalibi, ma'aikacin da aka tura kwas, ko ɗan kasuwar da ya je sayen kaya ya tarar da kasuwa a kulle.

Kwana nawa ne hutun?

Chuseok yana faɗowa ne ranar 15 ga wata na takwas a kalandar gargajiya ta Koriya, daren da wata yake cika. Kalandar tana bin wata, amma ana ƙara mata wata guda bayan shekara biyu ko uku domin ta daidaita da rana. Shi ya sa bikin ba ya zagaya shekara kamar yadda Sallah take yi, kullum yana tsakanin Satumba da farkon Oktoba.

A doka, hutun kwana uku ne: jajibiri, ranar bikin, da washegari. Tun 1989 ake kan wannan tsari. Abin da yake tsawaita shi ko ya gajarta shi shi ne ranar makon da ya faɗo a kai. Akwai dokar ramuwa da aka fara aiki da ita a Chuseok na 2014, wadda ta ce idan ɗaya daga cikin kwanakin ya haɗu da Lahadi ko da wani hutun ƙasa, za a biya da rana guda. Haɗuwa da Asabar kuwa ba ta da ramuwa. A 2017 sa'a ta haɗu da shawarar gwamnati aka sami kwana goma cur, daga 30 ga Satumba zuwa 9 ga Oktoba. A 2025 an sami kwana bakwai, daga 3 zuwa 9 ga Oktoba, saboda bikin ya shiga tsakanin ranar tunawa da kafuwar ƙasa da ranar haruffan Hangul. Amma a kalandar 2026 ranar bikin Juma'a ce, 25 ga Satumba, hutun ya kama daga Alhamis zuwa Lahadi, kwana huɗu ke nan. Na 2027 ya fi matsi: ranar Laraba ce, 15 ga Satumba, hutun Talata zuwa Alhamis, da ranar aiki a gabansa da kuma bayansa.

Wannan lissafi shi ne tushen kowace shawara. Wurin da ya dace da hutun mako guda yakan zama asara a hutun kwana uku, domin biyu daga cikin kwanakin za su ƙare a hanya.

Hanya kafin wuri

Kusan rabin mutanen Koriya ta Kudu, waɗanda yawansu ya haura miliyan 51, suna zaune ne a Seoul da kewayenta, wato Incheon da lardin Gyeonggi. Da yawa daga cikinsu asalin iyayensu daga kudu ne. Saboda haka tafiyar tana da alƙibla sananniya. Kafin bikin jama'a suna gangarawa kudu, abin da ake kira gwiseong, bayan bikin kuma su juyo arewa. Ranar bikin kanta, daga hantsi zuwa dare, ɓangarorin biyu duk sukan cushe, domin masu ziyarar kaburbura da masu sammakon komawa sun haɗu a kan titi ɗaya. Wanda ya taɓa neman mota a tasha ana gobe Sallah ya san yanayin, sai dai a nan motar gida ce ta fi yawa.

Babbar hanyar Gyeongbu, wadda aka buɗe a 1970, ita ta haɗa Seoul da Busan, tsawonta ya ɗan haura kilomita 400. A ranar da babu cunkoso tafiyar awa huɗu da rabi ce, amma a ƙololuwar Chuseok takan kai awa takwas ko fiye. Tun 2017 gwamnati takan yafe kuɗin da ake biya a ƙofofin manyan hanyoyi a kwanakin bikin, in ban da lokacin annobar korona da aka dakatar. Sassauci ne ga aljihu, amma yana ƙara jawo motoci. Manyan motocin bas suna da layinsu na musamman a wani sashe na hanyar, shi ya sa sau da yawa fasinjan bas yakan riga mai motar kansa isa.

Jirgin ƙasa mai gudu, KTX, wanda ya fara aiki a 2004, yana kai mutum Busan cikin kimanin awa biyu da rabi, a kan kuɗin da bai wuce kusan won 60,000 ba. Akwai kuma SRT da ya fara tashi daga tashar Suseo a 2016. Matsalar ita ce tikiti. Ana sayar da na kwanakin bikin a wasu ranaku na musamman, makonni kafin lokacin, ana fara ba tsofaffi da masu buƙata ta musamman dama, kuma kujerun lokutan da aka fi so sukan ƙare cikin mintuna. Wanda ya makara sai ya yi ta duba manhajar kamfanin jirgin ko wani zai mayar da nasa.

Daga nan wata dabara ta fito, wadda su kansu Koriyawa suka sa wa suna yeok-gwiseong: maimakon 'ya'ya su gangara ƙauye, iyaye su hauro birni. Kamfanin jirgin ƙasa yakan yi rangwame a kan kujerun da suke tafiya saɓanin jama'a. Darasin da matafiyi zai ɗauka a nan a fili yake. Mazaunin Busan ko Daegu ko Gwangju da yake son ganin Seoul, babu lokacin da ya fi masa wannan. Mazaunin Seoul da yake son kudu kuwa, shi ne zai biya da kuɗinsa da lokacinsa.

Zama a Seoul ma tafiya ce

Idan hutun kwana uku ne, zaɓin da ya fi kowane riba shi ne a ƙi fita daga yankin babban birnin. Hukumar kula da kayan tarihi ta saba buɗe manyan fadojin daular Joseon guda huɗu kyauta a kwanakin bikin, tare da wurin ibadar Jongmyo da makabartun sarakuna. Fadojin su ne Gyeongbokgung, wadda aka gina a 1395, da Changdeokgung da Changgyeonggung da Deoksugung. Lambun bayan Changdeokgung ne kawai ba ya shiga cikin kyautar. A unguwar gidajen gargajiya ta Namsangol, da ƙauyen al'adu na Yongin, akan shirya wasannin da suka dace da lokacin, har da kaɗe-kaɗen manoma da tafiya a kan igiya. Sai dai a lura, babban gidan tarihin ƙasa yana rufewa a ranar bikin kanta.

Jirgin cikin gari yana kai mutum wurare da dama ba tare da ya taɓa babbar hanya ba. Layi na ɗaya yana zuwa Suwon, inda ganuwar Hwaseong take, wadda Sarki Jeongjo ya kammala a 1796, tsawonta kilomita 5.7, ana iya zagaye ta a ƙafa cikin rabin yini. Dutsen Bukhansan, mai tsayin mita 836, yana bakin birnin ta arewa. Ta gabas akwai jirgin Chuncheon da yake bi ta Gapyeong, mashigar tsibirin Nami, wanda ya daɗe da tanadar wa baƙi Musulmi ɗakin salla. Iyalan birni da yawa ma yanzu sun koyi kama ɗaki a otal cikin garinsu su huta, abin da suka laƙaba wa suna hokangseu.

Ga baƙo Musulmi akwai wani dalilin. Babban masallacin Seoul, wanda aka buɗe a 1976 a gefen Itaewon, yana kewaye da gidajen abincin halal, kuma da yawa daga cikinsu na baƙi ne da ba su da ƙauyen zuwa, saboda haka ba duka suke rufewa ba. A ƙaramin gari kuwa, ranar Chuseok mutum yana iya yawo har ya gaji bai sami inda zai ci abinci ba, sai kantunan da suke kwana a buɗe.

Gyeongju, inda labarin ya faro

Wanda ya sami tikitin jirgi kuma yana da kwana huɗu, Gyeongju ce ta fi cancanta. Tafiyar awa biyu ce daga Seoul. Ita ce hedikwatar daular Silla, wadda ta yi kusan shekara dubu kafin ta faɗi a 935, kuma tarihin bikin yana da alaƙa da ita kai tsaye. Littafin Samguk Sagi, wanda aka kammala a 1145, ya kawo cewa a zamanin Sarki Yuri akan raba matan birnin gida biyu su yi gasar saƙa har tsawon wata guda. A ranar 15 ga wata na takwas sai a auna aikin, ɓangaren da aka kayar ya shirya wa ɗayan liyafa, a yi waƙa da rawa. Ana kiran wannan Gabae, kuma daga gare shi ake danganta asalin sunan Hangawi.

Abin da ya sa garin ya dace da gajeren hutu shi ne yawancin abubuwan kallonsa a fili suke, ba sa buƙatar wani ya buɗe ƙofa. Kaburburan sarakuna na Daereungwon tuddai ne manya masu ciyawa a tsakiyar gari. Kusa da su akwai Cheomseongdae, hasumiyar duban taurari ta ƙarni na bakwai, da aka gina a zamanin Sarauniya Seondeok. Da dare ana haska tafkin Wolji, kuma a daren da wata ya cika babu kamarsa. Wurin ibadar Bulguksa da kogon Seokguram, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1995, suna ɗan nesa da gari amma bas yana zuwa. Kwana biyu sun ishi mutum ya ga mafi yawansu a keke ko a ƙafa. Aibin garin ɗaya ne: kowa ya san da shi, masauki yakan yi tsada, kuma tun da ya karɓi taron shugabannin APEC a 2025 sunansa ya ƙara fita.

Andong, da ƙauyenta na Hahoe, ta fi nuna yadda tsofaffin gidaje suke riƙe da al'adar girmama magabata. Amma ƙauyen gidajen mutane ne da suke zaune a ciki, kuma safiyar Chuseok ta iyali ce, ba ta masu ɗaukar hoto ba. Jeonju tana da gidajen gargajiya kusan 700 a unguwa ɗaya, da bibimbap ɗinta da ta yi suna, wato shinkafa da ganyayyaki da yaji, kuma akwai masallaci a garin. Tafiyarta ba ta kai awa biyu a jirgi ba, sai dai cinkoson unguwar a lokacin hutu yakan rage mata armashi.

Teku da duwatsu

Gangneung, a gaɓar gabas, tana da layin KTX tun ƙarshen 2017, awa biyu daga Seoul. Ruwa ya fara sanyi a lokacin, amma gaɓar tana da daɗin zama. Daga can arewa kaɗan akwai Sokcho da dutsen Seoraksan mai mita 1,708. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Hotunan jajayen ganyaye da ake tallata Koriya da su na tsakiyar Oktoba ne zuwa farkon Nuwamba. Launin yakan fara daga ƙwanƙolin Seoraksan a ƙarshen Satumba, ya gangara kudu sannu a hankali, ba ya kai ƙololuwarsa a Naejangsan sai farkon Nuwamba. Wanda ya je a Chuseok na Satumba kore zai tarar.

Busan birni ne babba, saboda haka ba ya mutuwa gaba ɗaya a lokacin bikin. Ga gaɓar Haeundae, ga kasuwar kifi ta Jagalchi, ga masallacin Al-Fatah da aka buɗe a 1980. Amma ita ce ƙarshen hanyar da ta fi kowace cunkoso, kuma zuwa can ba tare da tikitin dawowa a hannu ba ganganci ne.

Jeju da haɗarin guguwa

Tsibirin Jeju shi ne burin yawancin masu hutu. Tafiyar awa guda da 'yan mintuna ce daga filin jirgin Gimpo, kuma wannan layi ya daɗe yana riƙe da kambin layin jirgin sama mafi yawan fasinja a duniya. Akwai Hallasan, dutse mafi tsayi a ƙasar, mita 1,947, wanda sai an yi rajista kafin a hau ƙwanƙolinsa. Akwai Seongsan Ilchulbong, bakin tsohon dutse mai aman wuta da ya leƙa cikin teku, da matan haenyeo masu nutso ba tare da tukunyar iska ba. A Chuseok kuɗin jirgi da na hayar mota da na masauki duk sukan haura, kuma tsibirin yana da wahalar yawo ga wanda ba shi da mota.

Babbar damuwar ita ce yanayi. Satumba tana cikin lokacin mahaukaciyar guguwar teku, kuma tarihin bikin yana ɗauke da tabonta. Guguwar Sarah ta afka wa kudancin ƙasar a ranar Chuseok ta 1959 ta hallaka mutum fiye da 800. Maemi ta zo washegarin bikin a 2003, ta kashe fiye da mutum 100, ta kayar da manyan injinan ɗaga kaya a tashar ruwan Busan. Hinnamnor ta mamaye Pohang da ruwa ranar 6 ga Satumba, 2022, kwana huɗu kafin bikin. Ba kowace shekara ake samun haka ba, amma iska mai ƙarfi ta yini ɗaya ta isa ta soke jirage, kuma idan kujerun kwana biyu masu zuwa duk an sayar, wanda aka soke nasa sai ya kwana a filin jirgi yana kallon ranar komawa aiki tana wucewa. A hutun mako guda akwai sarari, a na kwana uku babu. Hukuncin ya fi tsanani a kan tsibirin Ulleungdo, wanda jirgin ruwa ne kaɗai hanyarsa. Zafi ma ya fara shiga lissafi, domin a Chuseok na 2024 hukumar yanayi ta yi gargaɗin tsananin zafi har a Seoul.

Masu fasfo ɗin Najeriya suna da wani abin lura. Jeju tana karɓar 'yan ƙasashe da yawa ba tare da biza ba, amma Najeriya da Ghana da Kamaru da Sudan suna cikin ƙasashen da aka cire daga wannan sassauci. Wanda ya riga ya shiga Koriya da bizarsa yana iya zuwa tsibirin kamar kowane gari, amma kada wani dillali ya ruɗi mutum cewa ƙofa ce ta shiga ba takarda.

Ƙetare iyaka

Koriyawa da yawa yanzu filin jirgin Incheon suke nufa. Fukuoka ta Japan ba ta kai awa ɗaya da rabi ba, Osaka kusan awa biyu, Taipei awa biyu da rabi, Da Nang ta Biyetnam awa huɗu da rabi. Daga Busan jirgin ruwa yana kai wa tsibirin Tsushima cikin awa guda da ɗoriya. A gajeren hutu Japan ce kawai take da ma'ana. Sin da Taiwan suna nasu bikin tsakiyar kaka a daidai wannan lokaci, saboda haka gudun cunkoso zuwa can gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Wannan zaɓi na masu fasfo ɗin Koriya ne da makamantansu. Baƙon da ya fito daga Afirka ta Yamma yana buƙatar bizar Japan tun da wuri, kuma wanda ya shiga Koriya da bizar shiga sau ɗaya, da zarar ya fita ta ƙare.

Idan an gayyaci baƙo gida

Wani lokaci zaɓin yakan zo da kansa, abokin aiki ya ce a bi shi garinsu. Da safiyar bikin iyali sukan shirya tebur na sabon amfanin gona domin girmama magabata, abin da ake kira charye, su rusuna a gabansa, daga baya su ziyarci kaburbura waɗanda aka riga aka share musu ciyawa. Ba a tilasta wa baƙo shiga, kuma Kiristocin Koriya da yawa su ma ba sa rusunawar, addu'a suke yi a madadinta. Baƙo Musulmi ya faɗi matsayinsa tun kafin a tashi, ba sai an zauna a gaban tebur ba.

Abincin ranar shi ne songpyeon, ƙullin garin shinkafa mai siffar rabin wata, da riɗi ko wake a ciki, wanda ake turarawa a kan ganyen wani itace mai kama da allura. Babu nama a cikinsa. Soye-soyen da ake kira jeon ne suke buƙatar tambaya, domin wasu da naman alade ake yi. Haka ma kwalin kyautar da kamfanoni suke raba wa ma'aikata: gwangwanin Spam yana cikin kyaututtukan Chuseok da aka fi sani, kuma naman alade ne. Baƙo ya riƙa 'ya'yan itace a hannu, tuffa ko fiya, ba zai yi kuskure ba. Zai kuma lura cewa nauyin girkin a kan mata yake, musamman matan 'ya'ya, har ana da suna na musamman ga gajiyar da take biyo bayan bikin. A 2022 cibiyar Sungkyunkwan, wadda ita ce madogarar al'adun Konfushiyas a ƙasar, ta fito ta ce teburin ba ya buƙatar fiye da kala tara, kuma soya jeon ba wajibi ba ne. Yawan masu zaɓen tafiya hutu maimakon zuwa gidan surukai yana da nasaba da wannan nauyi.

Ga ɗan kasuwa

Wanda zai je Koriya domin yadudduka a Dongdaemun, ko motocin hannu da kayan gyaransu a Incheon, ya duba kalanda kafin ya yanki tikiti. Bankuna da ofisoshin gwamnati suna rufewa duka kwanakin, manyan kasuwannin sari sukan ƙara nasu hutun a kai, kuma kamfanonin aika kaya sukan daina karɓa kwanaki kafin bikin saboda yawan kyaututtukan da suke rabawa. Kuɗin da aka tura ana gobe hutu yana iya kwana huɗu bai shiga ba. Koriya tana gaban Najeriya da awa takwas, saboda haka Larabar da ake ganin da saura a Kano ta riga ta ƙare a Seoul.

Wanda hutun ya riga ya ritsa da shi a can, ya cika katin T-money na shiga bas da jirgin cikin gari, ya sauke manhajar Naver Map ko KakaoMap waɗanda aka fi dogara da su a ƙasar, ya sayi maganin da yake sha kafin jajibiri domin ƙananan asibitoci da kantunan magani da yawa sukan rufe. Lambar 1330 ta masu yawon buɗe ido ce, ana amsa ta da Turanci, kuma ana iya tambayar ta ko wani wuri a buɗe yake kafin a kama hanya. Ta motar asibiti da kashe gobara ita ce 119, ta 'yan sanda 112.